Yunwar Alƙali Gervase

Ranar Litinin da tsakar rana aka kulle rantsattsu goma sha biyu, masu yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifin, a ɗakin saman zauren shari'a na garin Harnby. Da muka koma masauki, Inna Hawis mai gidan ta kawo faten wake da burodi mai zafi ta ajiye a gaban mahaifina, Alƙali Gervase. Ya lalubi kwanon da hannu, ya ture shi gefe a hankali, ya ce a ba ni. Yanzu da nake rubuta wannan yana can cikin lambu yana rigima da mai kula da amyar zumarmu, don haka ina iya ba da labarin hankali kwance.

Dokar kowa ya san ta. In an gama jin shaidu, sai a kai rantsattsun ɗaki a rufe, ba abinci, ba giya, ba wuta, ba kyandir, sai tulun ruwa, har bakinsu ya zo ɗaya, su goma sha biyun duka. Abin da babu shi a kowane littafin doka shi ne wanda Baba ya ɗora wa kansa: muddin suna kulle, shi ma ba ya sa komai a baki sai ruwa. Shekararsa saba'in da ɗaya. Zazzaɓin da ya kwantar da shi da kaka ya bar shi fata da ƙashi, kuma likitan da ya duba shi a London ya faɗa mini a gabansa cewa kada a bar shi ya wuni bai ci ba. Baba ya gode wa likita, ya sa aka ɗaura wa dawaki sirdi.

Ba cikin manya aka haife shi ba. Ɗan mai sayar da ulu ne, aka tura shi London yana da shekara goma sha shida ya koyi shari'a a gidajen lauyoyi. Ya yi shekaru yana rakuɓe a gefen babbar kotu, takarda a kan gwiwa, yana rubuta abin da manya ke faɗa. Sai da furfura ta fara fito masa aka ɗaura masa farar hular nan ta lilin, wadda mai ita ba ya cire ta ko a gaban sarki. Yana da arba'in da huɗu aka naɗa shi alƙali, aka ba shi jar riga, aka fara kiransa Sir Gervase.

A zagayensa na farko ya kulle wasu rantsattsu kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara, shi kuwa yana gidan wakilin sarki ana gasa masa agwagi. Rana ta uku suka fito baki ɗaya, aka rataye wani mai niƙan alkama kan satar azurfar coci. Bayan shekara guda wani ɓarawo a wani gari, igiya tana wuyansa, ya ce shi ya ɗauki azurfar. Ɗaya daga cikin rantsattsun ya zo har gida ya faɗa wa Baba cewa su huɗu ba su taɓa yarda mai niƙan ya yi ba, sanyi da yunwa ne suka buɗe musu baki. Baba ya tafi coci ya ɗora hannu a kan bagadi ya yi alwashi. Tun daga ranar bai sake ɗora wa kowa yunwar da shi bai ɗanɗana ba.

Kusan shekara ashirin da bakwai ke nan. A tsakani an yi sarakuna uku, biyu daga ciki da takobi suka hau. Duk sarkin da ya faɗi, takardar naɗin alƙalai ta faɗi tare da shi, sai Baba ya koma gida ya jira. Sau ɗaya ma wata biyar ya yi a kurkuku don ya ƙi sa hannu a wani hukunci da aka rubuto daga fada. Ya fito da tari da ƙwarƙwata, ba a daɗe ba aka sake kiransa, don sabon sarkin ma yana bukatar wanda ya san doka. Alwashin nasa kuwa yawanci ba ya wuce rabin wuni. Mutane in sun sauko sun tarar da tsohon alƙali bai karya ba saboda su, sukan ji nauyinsa.

Ni ta dalilin idanunsa na shiga aikin. Shekara shida da suka wuce yanar ido ta rufe su. 'Yan'uwana maza biyu annoba ta ɗauke su tare da mahaifiyarmu, saura ni, 'ya mace. Matan zuhudu sun koya mini karatu, shi kuma ya koya mini Latin da Faransancin kotu a kan teburin cin abinci. Kowace safiya nakan karanta masa takardun ƙara ya haddace, a kotu kuma in zauna kan 'yar kujera a bayan tasa da sunan mai riƙe masa magani. Lauyoyi suna kirana magatakarda marar gemu. Na taɓa ce wa ɗayansu in gemu ne ke karanta Latin, to ya miƙa wa nasa takardar, don shi dai ya kasa. Tun daga nan a bayan idona suke faɗa.

Wanda ake tuhuma a Harnby sunansa Hamon Fell, makiyayin tumaki. Yana da 'yar makiyaya a bakin kogi wadda ta raba ƙasar Sir Aymer, ubangidan yankin, gida biyu. An ce ya saci tumakin Sir Aymer guda shida. Hukuncin igiya ne, kuma wanda aka rataye, ƙasarsa hannun ubangida take komawa. Shaidu uku suka zo, kowanne da alamar kan barewa ta gidan Sir Aymer a hannun riga. Cikin rantsattsun, goma sha ɗaya ko dai a ƙasarsa suke noma ko suna da suruki a gidansa. Na goma sha biyun, Elias marini, an cusa shi ne da safiyar Litinin ɗin don wani ya kwanta ciwo. Tsoho ne gajere, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu.

Da safiyar Talata aka sauko da su. Shugabansu, wani ƙato mai suna Baldwin, ya ce goma sha ɗaya sun ce Hamon ya yi. Elias ya ce bai yi ba, tumakin na Hamon ne, shi ya san tsagar kunnen tumakin gidan Fell tun uban Hamon na da rai, don shi ke rina ulunsu. Wakilin sarki na gundumar ya matso kusa da Baba ya rage murya, amma ina ji. Ya ce a karɓi maganar goma sha ɗaya, a jefa tsohon a kurkuku ya huce, kowa ya je ya ci abinci. Ya ce ai an taɓa yin haka.

"An taɓa yi," in ji Baba. "An kuma rushe hukuncin, alƙalin ya sha kunya. Goma sha biyu aka rantsar, Wakili. Mayar da su."

Wunin ranar ya zauna yana sauraron rigimar iyakar gona da ta ruwan niƙa, muryarsa ba ta nuna komai ba. Da la'asar muka koma masauki muka tarar Inna Hawis tana soya albasa, ta buɗe ƙofar kicin gaba ɗaya da gangan.

"Ranka ya daɗe, a gidan nan ko karen baƙo bai taɓa wuni da yunwa ba," in ji ta. "Sai kai za ka zo daga London ka ɓata mini suna."

"Ki shigar da ƙara, Inna. 'Yata za ta karanta mini."

"Ƙarar ai a gabanka za a yi ta, kai kuwa kafin jibi ba mu san inda za a same ka ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Safiyar Laraba ya kasa ɗaura takalminsa. Leɓunansa sun tsage, hannuwansa sun yi sanyi kamar ƙarfe. Ina karanta masa takardu ya kira ni da sunan mahaifiyata, bai ma san ya yi ba. Kuma Alhamis ce ranar tashinmu zuwa gari na gaba. In rantsattsu ba su daidaita ba har alƙali ya tashi, akan zuba su a keken shanu su bi shi har iyakar gunduma, suna nan dai ba ci. Daga Harnby zuwa iyaka tafiyar kwana biyu ce cikin taɓo. Na san ba zai kai ba.

Aka sake sauko da su, maganar ba ta canja ba. Elias yana jingine da ginshiƙi, fuskarsa ta yi toka, idanunsa sun faɗa. Sauran suna tsaye ƙyam. Na lura da hakan, amma na ce a raina ƙila don sun fi shi ƙuruciya da kitse ne. Baba ya sa aka kawo mai tsaron ƙofa ya dafa littafi, ya rantse ko ƙwayar wake ba ta wuce ta gabansa ba. Aka mayar da su sama.

Da aka tashi hutun tsakar rana na ruga masauki. Inna Hawis ba ta tambaye ni komai ba. Ta yanko burodi ta tsoma shi cikin zuma har ya sha, ta naɗe a ƙyalle, na cusa cikin hannun rigata. Niyyata in matse zumar cikin kofin ruwansa. Ba ya gani, kuma na yanke cewa in zunubi ne ni zan ɗauka. Na same shi a ɗan ɗakin da ke bayan zaure, yana zaune ya jingina kai da bango, farar hular ta ɗan karkace.

"Tsaya nan, Thomasin," in ji shi, idonsa a rufe. "Burodin alkama, na jiya. Da zuma."

Na tsaya. Sai kuma fushi ya taso mini, na faɗi duk abin da na haɗiye tun Litinin. Na ce na karanta masa littattafan nan kaf, babu inda aka ce alƙali ya mutu don wasu ƙattai sun ƙi gaskiya. Na ce alwashin da zai kashe mai shi kowane firist, limamin coci, zai iya sauke masa shi, kuma akwai ɗaya a ƙetaren titi.

"Firist zai yafe mini," in ji shi. "Ai ba shi na rataye ba."

Na ce to in ya mutu a hanya, alƙalin da zai biyo baya zai karɓi maganar goma sha ɗayan, Hamon ya sha igiya, Sir Aymer ya sami makiyaya, ni kuma in koma gida da jar riga ba kowa a ciki. Ya ce ya sani. Ya ce shi ma zuciyarsa na ba shi ana ciyar da su, amma zato ba shaida ba ne. Mai ƙofa ya rantse. In ya sa aka caje rantsattsun mutane kan zato kawai, aka share ɗakin kafin a hau, Wakili zai rubuta London cewa tsohon ya fara ruɗewa, a ɗauke shari'ar daga hannunsa.

Ina tsaye inda ya tsayar da ni, zuma na gangarowa a hannuna. Na dubi tazarar da ke tsakaninmu. Taku huɗu ne, ko biyar.

"Baba, daga ina ka ji burodin?"

"Tun kina bakin ƙofa."

"Yana cikin ƙyalle, cikin hannun riga."

"Ki yi kwana biyu ba ki ci ba, 'yata. Ina jin abin da ake dafawa a gida na uku daga nan."

"To me zai hana ka jin abin da ke bakin Baldwin?"

Ya buɗe fararen idanun nan nasa ya juyo wajena. Dariya ta zo masa ta koma tari, sai da na riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce shekara ashirin da bakwai yana yawo da wannan hancin bai taɓa kiransa shaida ba. Ya ce in gyara masa hula, in kira Wakili, in kuma tsaya nesa da shi da wannan abin da ke hannuna kafin ya fashe da kuka.

Zaure ya cika, don labari ya zaga gari cewa alƙali na gab da faɗuwa. Aka sauko da rantsattsun. Baba ya ce shi tsoho ne, kunnuwansa na ƙara saboda yunwa, kuma gaskiya ya faɗa. Don haka kowanne ya hau har gaban kujera, ya sunkuyo, ya faɗi sunansa da na garinsu da abin da ya yanke. Baldwin ya fara hawa, yana tafe yana gyara ɗamara.

"Baldwin na Gadar Dutse, ranka ya daɗe. Ya yi."

Baba ya ja numfashi a hankali.

"Kifin banda," in ji shi. "Da ɗanyar albasa. A rubuta."

Magatakardan kotun mutumin Wakili ne. Ya tsaya da alƙalami a sama yana kallon ubangidansa. Baba ya ji babu ƙarar rubutu, sai ya ce, "Thomasin, rubuta." Shekara shida ina bayan kujerar nan bai taɓa kiran sunana a kotu ba. Na fito na zare alƙalamin daga hannun mutumin, na zauna a wurinsa, ban ko dube shi ba.

Na biyu cuku ne da giyar sha'ir, Baba ya ce mai kyau ce kuwa, ba irin ta masauki ba. Daga can baya Inna Hawis ta ce ta ji. Na uku ya yi magana yana kallon gefe, aka ce ya sake. Na huɗu ya faɗi nasa ta tsakanin haƙora, ya riƙe numfashi har fuskarsa ta yi ja.

"Ina da lokaci, ɗana," in ji Baba. "Kwana biyu na jira."

Mutumin ya saki numfashi, aka rubuta tafarnuwa. Zuwa nan zaure ya fara ɗaukar dariya. Na bakwai ya zo da ƙamshin na'ana'a, ya tsinko ta ne daga tsagar taga ya tauna, Baba ya tambaye shi me mai yunwa zai ɓoye da na'ana'a. Wata mata daga baya ta ce in an gama a shinshino musu Wakili ma. Wakili ya ce a fitar da ita, babu wanda ya motsa.

Elias ne na ƙarshe. Sai da ya dafa kowace matakala kafin ya kai. Ya sunkuya ya ce Elias marini, na nan Harnby, bai yi ba.

"Wannan bakin na san shi," in ji Baba. "Irin nawa ne."

Nan take, kafin kowa ya fita, ya tura firist da dattawan gari biyu su hau sama, ya hana mutanen Wakili binsu. Suka sauko da igiya, da kwando, da ƙayar kifi da aka cusa cikin bututun murhun da ba a hura ba. Ashe tagar ɗakin tana kallon lungun majema, inda ba mai bi saboda wari. Ta nan ake jawo kwandon. Ƙyallen da aka rufe shi da shi kuwa yana da kan barewa a ɗinke a kusurwa. Wanda ya aiko bai ko damu ya sauya ƙyalle ba. Na riƙe shi na faɗa wa Baba abin da ke jiki da murya yadda kowa zai ji.

Baba ya tambayi Elias me ya hana shi faɗa tun jiya.

"Ranka ya daɗe, kan tumaki aka rantsar da ni, ba kan kifi ba," in ji shi. "Kuma da na faɗa, sai a ce goma sha ɗaya sun ce ba su ci ba, ɗaya ya ce sun ci."

Ya ce duk sanda kwandon ya hau, sukan ajiye masa kifi guda a kan gwiwa su ce ya faɗi kalma ɗaya kawai. Shi kuwa sai ya juya ya fuskanci bango yana lissafa launukan da ya iya haɗawa.

Aka tisa ƙeyar goma sha ɗayan zuwa kurkuku, har sai majalisar sarki ta ji batunsu. Na koma bayan kujera na raɗa wa Baba cewa an gama, yanzu sai ya ci. Ya ce me aka gama? Hamon na nan da sarƙa, ba a kuma yanke komai ba. Ya sa aka zaɓo sababbin mutum goma sha ɗaya daga cikin zaure, yana tambayar kowanne ƙasar wa yake nomawa kafin a rantsar da shi. Ya ce Elias ya tafi gida ya ci abinci, a nemi wani.

"Ranar Litinin na rantse ba zan ci ba sai an yanke," in ji Elias. "In kai za ka iya, ranka ya daɗe, ni da na girme ka da shekara biyu zan iya."

Na so in shaƙe su duka biyun.

Aka fara shari'ar daga farko. Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Ana cikin karanta tuhuma na ga Baba yana zamewa gefe ɗaya kaɗan-kaɗan. Na jawo 'yar kujerata na matsa, na cusa kafaɗata ta gefen kujerarsa ƙarƙashin jar rigar, na tokare shi. Daga zaure sai ka ce raɗa nake masa. Ina jin bugun zuciyarsa a kafaɗata, wani lokaci ya tsallake ɗaya, sai in daina numfashi har na gaba ya zo. Kafaɗar ta mutu, wuyana ya ƙage, ban motsa ba. Aka kira shaidu uku, biyu ba a gan su ba. Na ukun ya rufe alamar hannun rigarsa da tafi, ya ce da ya sake tunani, ranar akwai hazo sosai a bakin kogi, kuma tumaki duk kamarsu ɗaya. Baba ya yi masa tambaya uku, kowacce a hankali, kowacce a inda ya kamata. Ban san daga ina yake samo muryar ba.

Rantsattsun suka hau. Ina jin takunsu a saman kanmu. A ƙofar gefe na hango Inna Hawis ta rungume tukunya cikin zanen gabanta, tururi na tashi. Na kafa wa tururin ido, na ce a raina in ya daina tashi ba su sauko ba, zan miƙe a gaban kowa in ɗura wa alƙalin sarki fate da ƙarfi, a yi mini abin da za a yi.

Tukunyar na tururi suka sauko. Shugabansu ya ce bai yi ba. Baba bai tsaya a nan ba, sai da ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, su goma sha biyun, ni kuwa ina ƙirgawa da haƙora a cije. Sannan ya ce a cire wa Hamon Fell sarƙa, ya tafi gida. Maƙeri ya zo da guduma. Sai da ƙarfen ya faɗi ƙasa Baba ya karkato kansa wajena.

"Thomasin, kamar ina jin ƙamshin wake."

Mutum biyu suka ɗauke shi zuwa ɗan ɗakin baya. Ya ce kwanon farko na Elias ne. Elias ya ce ba zai riga alƙali ba. Inna Hawis ta ce in ba su yi shiru ba za ta juye musu tukunyar a ka, ta zuba kwano biyu a lokaci ɗaya, ta hana su gaggawa. Ni na riƙe wa Baba cokali. Na farko ya daɗe a bakinsa. Na kalli maƙogwaronsa har ya wuce. Na ba shi na biyu, na uku. Wajen na goma sai na ji yatsunsa sun fara ɗumi a kan hannuna. Can ya karɓe cokalin ya ce shi ba jariri ba ne, suka shiga gardama da Elias kan wa ya fi shan wuya. Elias ya ce shi da kifi a kan gwiwa ya yi tasa. Baba ya ce shi kuma da Inna Hawis da albasarta.

Hamon ya shigo da matarsa, ya durƙusa a gaban Baba. Baba ya tambaye shi ko tumakin sun fara haihuwa. Ya ce biyu sun haihu yana kurkuku. Baba ya ce to ya tashi ya je ya gani.

Na fita tsakar gida na zauna a kan dutsen hawa doki. Rana ba ta faɗi ba tukuna, tana kan rufin coci. Wata kaza na tone-tone a gefen rijiya, na zauna ina kallonta kamar ban taɓa ganin kaza ba. Sai na ji hannun rigata ya manne da fata. Burodin nan yana nan, ya lotse, zumar ta kai har gwiwar hannu. A nan na tuna ni ma rabona da abinci tun Talata da safe. Na cinye shi tas, na lashe ƙyallen, ina ci ina hawaye ina dariya, mai kula da dawaki yana kallona yana tunanin ko na taɓu.

Alhamis muka tashi, Baba a kwance cikin shimfiɗa tsakanin dawaki biyu. Keken shanun da Wakili ya tanada don rantsattsu shi ya ɗauko mana kaya. Baba ya ƙarasa zagayen, a kowane gari rantsattsu ba su wuce awa biyu a sama ba, don labari ya riga mu isa.

Sir Aymer yana da abokai a fada. Da bazara takarda ta zo da hatimin sarki, ana gode wa Sir Gervase kan doguwar hidima, ana ba shi izinin ya huta a gidansa. Na karanta masa. Ya yi kwana uku ba ya magana da kowa, amma yana cin abinci. Ni kuwa na kai takardar ɗakina na sake karanta ta don jin daɗin kaina. Ba za a sake kulle kowa da sunansa ba.

Farar hular tana kansa har yau, wannan ba sarkin da ke cire ta. Ƙananan lauyoyi sukan hawo daga London da tambayoyi, ya saurare su, ya ce su je ɗakin littattafai su tambayi 'yarsa, shi zai ɗan kishingiɗa. Sukan shigo suna shafa gemu suna neman inda za su sa ido. Nakan ce su zauna. Hamon kan aiko da cuku duk kaka, Elias kuwa ya rina mini rigar nan da zuma ta ɓata, ta koma shuɗiya.

Ga shi can ya baro lambu yana dogara sanda yana kirana. Wai an sauke burodi a kicin tun ɗazu, ba wanda ya gaya masa.